Kafin a Sa Yaro Barci: Neman Shawara ta Waya Kan Hanyar Numfashi Mai Wuya





An ce in yi magana kan yadda masu sa barci a ɗakin tiyata ke neman shawarar juna a zaurukan WhatsApp idan aka kawo musu yaron da hanyar numfashinsa ke da wuyar sha'ani. Tunda ba kowa a nan ne ya taɓa tsayawa a kan gadon tiyata ba, bari in fara da abin da muke tsoro, don a gane dalilin da zai sa likita mai furfura ya ɗauki waya da tsakar dare yana tambayar mutanen da wasunsu bai taɓa haɗa ido da su ba.

Maganin da muke bayarwa ba barci kaɗai yake sawa ba. Naman maƙogwaro yakan saki, harshe ya faɗa baya, sau da yawa numfashi ya tsaya cak, balle in an ƙara da allurar da ke kashe ƙarfin tsoka. Daga nan numfashin yaro ya dawo hannun wanda ke tsaye ta wajen kansa. Zai kifa masa marfin roba a hanci da baki yana matsa jakar iska. Sannan ya ɗauki laringoskop da hannun hagu, wato wani lanƙwasasshen ƙarfe mai 'yar fitila a bakinsa, ya zura ta gefen dama, ya ture harshe, ya ɗaga a hankali har ya hango fararen tantani biyu da murya ke fitowa ta tsakaninsu. Nan ce ƙofa. Ta nan zai zura bututu, wanda in jaririn wata uku ne raminsa milimita 3 ne ko 3.5. In komai ya tafi daidai, kafin ka ƙirga talatin an gama.

Jikin jariri yana da nasa tsari. Ƙeyarsa ta turo, don haka in ka kwantar da shi wuyansa yakan lanƙwashe gaba. Harshensa ya cika masa baki. Maƙogwaronsa yana sama fiye da na babba, marfin da ke rufe shi kuma dogo ne mai laushi, yana kare maka gani. Abin da ya fi waɗannan duka shi ne lissafin iska: a kowane kilo na nauyinsa, jariri yana cin oksijin kusan ninki biyu na babba, ga shi ajiyar da ke huhunsa kaɗan ce. Babban mutum da aka shaƙa wa oksijin sosai zai jure mintoci ba ya numfashi. Jariri sau da yawa ba ya kai minti 2 lambar oksijin da ke kan na'ura ta fara gangarowa, leɓɓansa su yi duhu, bugun zuciya ya bi baya. Hanyar iskar tasa ba ta kai ramin bututun shan lemo ba, faɗinta kimanin milimita 4. In bangonta ya kumbura da milimita 1 kacal ta kowane gefe, kashi uku cikin huɗu na ramin ya tafi. Abin da ke kawo wannan kumburi kuwa, sau da yawa, shi ne yawan zura ƙarfe da fitar da shi.

Wannan duk a yaro mai lafiyayyar halitta ke nan. Akwai kuma wanda aka haifa da ƙaramar haɓa da harshen da ke komawa baya, yanayin da ake kira da sunan likitan Faransa Pierre Robin wanda ya bayyana shi a 1923. Akwai mai lalurar Treacher Collins, wanda ƙasusuwan kumatunsa da muƙamuƙinsa ba su gama ginuwa ba. Waɗannan su suka cika littattafan Turai da Amurka. Mu a nan muna da su, muna kuma da ƙari: yaron da ya faɗa wuta da sanyin hunturu, tabo ya manne masa haɓa da ƙirji, mai kansar Burkitt da ta kumbura masa muƙamuƙi, wanda ya shaƙe da ƙwayar gyaɗa, waɗanda mashaƙo ya toshe wa wuya a annobar da ta fi tsanani a Kano daga ƙarshen 2022, da kuma yaran cutar noma, waɗanda zan dawo kansu.

Matsalar ita ce kowanne daga cikin waɗannan ba kullum ake ganinsa ba. Likita zai iya shafe shekaru yana aiki bai haɗu da wani nau'in ba sai sau ɗaya. Ilimin a warwatse yake, kowa yana riƙe da ɗan guntu. Wannan ne ya sa a 2012 likitocin sa barci na yara a Amurka suka buɗe rajista guda da suke kira PeDI, kowane asibiti yana shigar da bayanin duk yaron da sa masa bututu ya yi wuya. A 2016 Dakta John Fiadjoe na asibitin yara na Filadelfiya da abokan aikinsa suka fitar da sakamakon farko a mujallar Lancet Respiratory Medicine, daga asibitoci 13 da lokuta 1,018. Yaro 1 cikin 5 ya sami wata matsala. Kashi 3 cikin 100 matsalarsu mai tsanani ce, yara 15 daga ciki zuciyarsu ta tsaya. Laringoskop na gargajiya, wanda shi aka fi fara ɗauka, kashi 3 cikin 100 kawai ya yi nasara a gwajin farko, alhali mai kyamara da kuma wata siririyar igiya mai ido da ake zurawa ta hanci sun haura kashi 50. Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne wannan: da zarar an wuce gwaji biyu, haɗari yakan yi tsalle, musamman ga yaron da bai kai kilo 10 ba.

Mu Hausawa muna yabon naci, muna cewa mai nema yana tare da samu. A maƙogwaron jariri ba haka abin yake ba. Gwaji na uku da hannu ɗaya da ƙarfe ɗaya ba ƙoƙari ba ne, ta'adi ne.

Rajista irin wannan tana ba da amsa bayan shekaru. Yaron da ke jerin tiyatar gobe ba zai jira mujalla ba. Shi ya sa likitocin wannan haɗaka ta PeDI, wadda yanzu ta bazu zuwa ƙasashe da dama, suke da zauren WhatsApp inda mutum zai kawo tambaya yau ya kwana da amsa. Mu ma ba a bar mu a baya ba. Da wuya ka sami sashen asibiti a ƙasar nan da ba shi da zaurensa, ko da rabin abin da ke ciki sanarwar ɗaurin aure ne da jadawalin aikin dare.

Akwai wani amfani da ba a cika lura da shi ba. A Landan an bi sawun wata tawagar tiyatar gaggawa mai mutum 40 tsawon mako 19 suna aiki da WhatsApp, aka buga sakamakon a 2015. Abin da su kansu suka ce shi ne ya rage tazarar da ke tsakanin manya da ƙanana. Duk wanda ya yi aiki a asibitinmu ya san nauyin wannan magana. Ƙaramin likita zai tsaya a ƙofar ofishin oga yana juya takarda a hannu, ya kasa shiga ya ce "ban iya ba". Nas za ta ga ana shirin ɓarna ta haɗiye maganarta, don a gida an koya mata ba a gyara wa babba. Kada ku ɗauka mu kaɗai ne. A Ingila, a watan Maris na 2005, wata mata mai shekara 37, Elaine Bromiley, ta shiga ƙaramar tiyatar hanci. Aka kasa sa mata bututu. Manyan likitoci suka duƙufa suna ta sake gwadawa, lokaci yana tafiya ba su ankara ba. Wata nas ta kawo kayan huda maƙogwaro ta gaban wuya, ta faɗa cewa ga su, babu wanda ya kula. Bayan kwana 13 matar ta rasu. Mijinta Martin, matuƙin jirgin sama ne, shi ya mai da labarin darasin da ake koyarwa a duniya har yau. Rubuta tambaya a waya ya fi sauƙi a kan furta ta a gaban oga, kuma wannan kaɗai ba ƙaramin abu ba ne.

Yanzu bari mu dawo kan noma, don a nan ne zancen ya zama namu. Cuta ce da ke farawa daga dasashi ta cinye kumatu da leɓe cikin kwanaki, ta fi kama ƙananan yara masu fama da tamowa. Asibitin da aka keɓe mata a Sakkwato tun 1999 yake aiki, ƙungiyar likitocin agaji ta MSF tana tallafa masa tun 2014, a Damagaram kuma ƙungiyar Sentinelles ta daɗe tana kula da irin waɗannan yara. A Disamban 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta saka ta cikin jerin cututtukan da aka yi wa sakaci, bisa buƙatar da Nijeriya ta jagoranta. Yaron da ya tsira, sau da yawa tabo yakan ɗaure masa muƙamuƙi, wani lokaci ƙashi ya haɗe da ƙashi, baki ya ƙi buɗuwa.

A ce ga wani nas mai sa barci a babban asibitin wata ƙaramar hukuma. An ce masa gobe akwai yarinya 'yar shekara 6 mai tabon noma. Ya je ya duba ta, ya gwada zura mata ɗan katakon danne harshe tsakanin haƙora, da ƙyar guda ɗaya ya shiga. Sai ya rubuta a zaure:

"Salam, manyanmu. Shekara 6, kilo 14, tabon noma a kuncin hagu. Baki yana buɗuwa milimita 3. Hancin dama a buɗe yake. Tana minshari da dare. Ba gaggawa ba ce. Abin da nake da shi: laringoskop na gargajiya, LMA, ketamin, silinda ɗaya ta oksijin, na'urar yatsa. Babu mai kyamara, babu igiyar hanci, babu likitan kunne da maƙogwaro. Niyyata in ba ta maganin barci da na sake tsoka, in ga ko bakin zai buɗe. Me kuka gani?"

Wannan saƙo ya yi kyau, duk da cewa shirin da ke cikinsa zai iya kashe yarinyar. Ya yi kyau saboda ya faɗi nauyi, ya faɗi awo, ya faɗi abin da ke cikin kabad, ya faɗi cewa ba gaggawa ba ce, kuma mai shi bai ɓoye niyyarsa ba. Wanda ya taɓa aiki da yaran noma zai gaya masa nan take cewa ba tsoka ce ta riƙe bakin ba, tabo ne ko ƙashi, kuma babu allurar da ke narkar da su. In ya kashe mata numfashi, bakin yana nan a rufe, LMA, wato robar da ake zurawa ta baki ta zauna a kan ƙofar maƙogwaro, ba ta da wurin shiga, laringoskop ma haka. Wani zai bayyana masa yadda ake yi inda akwai kayan aiki: a bar yarinya tana numfashi da kanta, a busar da yawu da atirofin tunda ketamin yana ƙara shi, a ɗiga maganin rage kumburi a hanci, a riƙa ba da oksijin ta ɗaya ƙofar, a bi ta ɗayar da igiya mai ido, likitan da zai iya huda wuya yana tsaye da safar hannu. Amma amsar da ta fi duka ita ce gajeriyar nan: "Kada ka fara. A turo ta." Sai a biyo da sunan asibiti da ranar da za a karɓe ta.

A ganina wannan shi ne babban aikin zauren. Amfaninsa yana daren jajibiri, lokacin da yaro ke wasa a gadonsa yana numfashi da kansa, ana da sararin auna baki, a duba haɓa, a kira iyaye, a fasa in ta kama. Da zarar an ba da allura kuma lamba ta fara gangarowa, waya ba ta da wuri a hannun mai sa barci. Hannayensa biyu na kan muƙamuƙin yaro da marfin roba. Taimakon da ake nema a wannan lokaci shi ne na wanda ke ɗakin da ke maƙwabtaka, a aika da gudu a kira shi. In har za a buga waya, wani ne zai riƙe ta, ya kira mutum ɗaya da murya, ba a tsaya ana rubutu ana jiran alamar shuɗi ta cewa an karanta saƙo ba.

Sai dai shawara tana da ƙasar haihuwa. A 2020 mujallar Lancet ta buga gwajin da aka yi kan jarirai 564 da hanyar numfashinsu ba ta da wuya, a asibitoci biyar na Amurka da Ostireliya: laringoskop mai kyamara ya yi nasarar farko a kashi 93, na gargajiya kashi 88, kuma munanan matsaloli sun fi ƙaranci da mai kyamarar. Gaskiya ne. Don haka in ka jefa tambaya a zauren da yawancin mutanensa ke can, amsar farko ita ce ka ɗauko mai kyamara. To, in ba ka da shi fa? Binciken ASOS-Paeds da aka buga a 2024 ya bi yara 8,625 da aka yi wa tiyata a asibitoci 249 na ƙasashen Afirka 31. Kusan 23 cikin kowane 1,000 sun rasu, inda a ƙasashe masu arziki adadin bai fi 2 da ɗoriya ba. Ƙungiyar likitocin sa barci ta duniya tana son a sami aƙalla likita 5 ga kowane mutum 100,000, ƙidayar da ta fitar a 2017 kuwa ta nuna Nijeriya ba ta kai 1 ba. Wanda ke riƙe da kan yaro a yawancin garuruwanmu nas ne, shi kaɗai, ba mai kama masa. Mai ba da shawarar da bai fara da "me kake da shi a hannu?" ba, asibitinsa yake yi wa magana, ba naka ba.

Da za a ba ni zaɓi ma, kafin kyamara zan fara neman na'urar da ke auna iskar da yaro ke fitarwa, wadda ke tabbatar maka cewa bututu huhu ya shiga ba hanyar abinci ba. Ƙungiyoyin Lifebox da Smile Train sun fito da mai sauƙin kuɗi domin asibitoci irin namu. Ɗakunan tiyata da yawa har yanzu kunne da sitetoskop kaɗai suka dogara da su.

Zauren kansa yana da cututtukansa. Wanda ya fi saurin yatsa ba lallai ne ya fi sani ba, amma amsarsa ce ke sama. In farfesa ya yi magana, sai kowa ya bi da babban yatsa, tazarar da muka ce an rage ta dawo ta bayan gida. Mutane kuma sun fi son sanya bidiyon da suka yi bajinta. Wanda ya gwada wata dabara sau ɗaya ta yi masa kyau zai ba da labari, wanda ta ƙi masa zai yi gum. Ƙaramin likita yana karantawa yana ɗauka haka ake yi. Na sha ganin an yi ta muhawara da dare kan wani yaro, gari ya waye, mai tambayar ya ɓace ɓat, ba wanda ya san ko an yi aikin, ko an fasa, ko yaron yana raye. Mutum ashirin sun ba da shawara, ba wanda ya koyi komai.

Sai maganar amana, kuma a nan zan ɗan daɗe don iyaye suna zaune. A yawancin cututtuka kana iya ɗaukar hoton ƙafa ko hoton ƙirji na na'ura ba wanda zai gane mai shi. A namu fannin, abin da ake son gani shi ne fuska: haɓa, baki, kunci, wuya, ta gaba da ta gefe. Ɗan baƙin layin da ake ja a kan idanu ba ya ɓoye yarinyar da duk ƙauyensu an san tabonta. An ce tun 2016 saƙonnin WhatsApp a kulle suke daga waya zuwa waya, haka ne. Amma kullewar a hanya take. Da ya sauka, hoton yana cikin wayar kowane ɗan zaure, zaure ɗaya kuma yana iya ɗaukar mutum 1,024. Wayar nan ita ake miƙa wa yara su yi wasa da yamma, ita ake bar wa mai gyara a kasuwa, ita ake ƙwacewa a cikin adaidaita. Wani kuma da kyakkyawar niyya zai tura hoton zauren danginsu ya rubuta "a taya da addu'a", shi ke nan ya fita hannu.

A Sikotilan, hukumar kare bayanai ta Birtaniya ta tsawata wa hukumar lafiya ta Lanarkshire a 2023, bayan an gano ma'aikata 26 sun yi ta sanya bayanan majinyata a wani zaure sama da sau 500 tsakanin 2020 da 2022, har aka saka wani wanda ba ma'aikaci ba cikin kuskure. Mu ma Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta wajabta rufe sirrin majinyaci, a watan Yuni na 2023 kuma aka sa hannu kan dokar kare bayanan jama'a, wadda ta sa bayanan lafiya cikin masu buƙatar kulawa ta musamman. Ko da babu doka, uban da ya sayar da akuya ya kawo 'yarsa bai kawo ta don a yi yawo da fuskarta ba. Neman izininsa ba ya cin minti biyu: "Baba, aikin 'yarka yana da wuya. Ina son in nuna hoton bakinta ga likitocin da suka fi ni sanin irinsa, ba suna, ba sunan gari, in an gama in goge. Ka yarda?" Da wuya uba ya ƙi. In ya ƙi, awo da bayani sun isa a ba ka shawara. A ɗauki hoton daga ƙasan ido zuwa wuya, a kauce wa katin gado da ke ɗauke da suna, a kashe saukar hotuna kai tsaye, a riƙa tace 'yan zaure ana cire wanda ya bar aiki.

A Afirka ta Kudu wani likitan ido, Dakta William Mapham, ya ƙirƙiro manhajar Vula don ma'aikatan karkara su riƙa tura tambaya ga ƙwararren da ke bakin aiki, komai yana rubuce a killace. Irin wannan ta fi dacewa. Sai dai WhatsApp ita ce a wayar kowa, tana aiki ko da sabis ya yi rauni, kuma hana ta ba zai sa a daina ba, sai dai a koma yi a ɓoye. Gyara ta ya fi.

Abu na ƙarshe da ke kaina shi ne wa ke ɗauke da alhaki. Wanda ya ba ka shawara daga nesa bai taɓa haɓar yaron ba, bai ji minsharinsa ba, bai san silindarka saura kwata ba. In abu ya lalace, ba shi zai fito ya fuskanci uwar da ke zaune a baranda ba. Don haka abin da ka ɗauka daga zaure, ka rubuta shi a fayil da hannunka: ga shirin farko, ga na biyu in ya ƙi, ga inda za mu tsaya mu tashi yaro. Ka karanta wa likitan tiyata da nas ɗin da ke taya ka kafin a ba da allura, ka ce mata ita za ta riƙa ƙirga gwaji da ƙarfi, in an yi biyu ta faɗa, kuma ka ba ta izinin faɗa tun yanzu. In an gama, a ba iyaye takarda mai bayanin cewa hanyar numfashin ɗansu tana da wuya da kuma abin da ya yi aiki, su nuna ta duk asibitin da suka je nan gaba.

Roƙona ga malamaina da ke asibitocin koyarwa shi ne ku shiga zaure ɗaya da nas-nas masu sa barci na ƙananan hukumomi, a raba kwanaki ta yadda kowane dare akwai babba guda da aka san shi zai amsa. A kuma kafa sharaɗi cewa duk wanda ya kawo tambaya sai ya dawo ya faɗi yadda ta kaya, ko da ba ta yi daɗi ba, mutum ɗaya kuma ya riƙa tattara waɗannan bayanai ba tare da sunaye ba. Rajistar da na ambata ta Amurka ba ta da yaran noma da yawa a cikinta. Mu ke da su.

Ranka ya daɗe shugaban taro, na ga ana ɗaga hannu daga baya can wajen ɗalibai. In ka ba da izini, a fara da su.